Kunne Ya Girmi Kaka: Kiɗa Ne Ko Hayaniya? Amsar Wasiƙa Daga Taba

   

Wannan makon wata wasiƙa ce ta tsayar da mu. Ta fito ne daga Taba, a yankin Kudan da Makarfi da Ikara, ƙasar rake da mazarƙwaila. Mai wasiƙar ɗan aji biyu ne na babbar sakandare, kuma ya roƙi kada mu ambaci sunansa, don haka za mu riƙa ce masa ƙanenmu na Taba.

Ya ce yayansa da ke fatauci zuwa Maraɗi ya dawo da wata memori cike da waƙoƙi. A ciki ya ci karo da wani kiɗan jita mai tsananin ƙara, wanda tun da yake bai taɓa jin irinsa ba. Ya kai wa abokansa a rumfar mai cajin waya, aka haɗa da lasifika. Minti guda bai cika ba aka fashe da dariya. Wani ya ce wannan ai injin niƙa ne ya haɗiye dutse. Wani ya ce janareta ne mai ya kusa ƙare masa. Ƙanenmu ya ji kunya ya zare memorinsa. Bayan kwana biyu sai ɗaya daga cikin abokan ya binciko a waya cewa manyan jaridun Amurka da Ingila sun yi ta yabon mai kiɗan, har tsohon shugaban Amurka Barack Obama ya sa wata waƙarsa a jerin waƙoƙin da ya fi so a 2021. Nan take labari ya sha bamban. Masu dariyar jiya suka dawo suna cewa a tura musu, wai ai su tun farko sun ji alamar gwaninta.

Ga tambayar da ya rufe wasiƙar da ita: "Yayyena, ku gaya mini gaskiya. Kiɗan nan yana da daɗi ne, ko dai don Turawa sun ce yana da daɗi ne?"

Madalla da wannan tambaya. Sai dai kafin mu amsa, ya kamata a san wanda ake magana a kansa.

Yaron da ya ƙera jita da wayar birkin keke

Sunan mai kiɗan Mahamadou Souleymane, amma duniya ta fi saninsa da Mdou Moctar. Ba'abzine ne, wato cikin mutanen da muka saba kira Buzaye, daga jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, yankin garuruwan Cintabaraden da Abalak. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980. Yana yaro ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, ɗaya daga cikin manyan makaɗan jita na Abzinawan Nijar, sai abin ya shiga ransa. Gidansu ba a son kiɗan jita, kuɗin saye kuma babu. Sai ya samo katako, ya ɗaura masa wayoyin birkin keke, ya mai da su tsirkiya. Da wannan ya koya wa kansa. Bahago ne, da hagu yake kaɗawa har yau.

Wanda ya san tarihin makaɗanmu ba zai yi mamaki ba. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ƙaramin abu ne mai tsirkiya ɗaya, irin wanda ake yi da gwangwanin kifi a rufe shi da fata. Da shi ya zaga duniya. Kayan aiki ba su taɓa hana mai niyya farawa ba.

Yanzu ga inda labarin ya shigo gidanmu. Faifan farko da Mdou ya ɗauka a rayuwarsa, mai suna Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008. Wanda ya saurare shi zai ji ƙamshin waƙoƙin finafinan Hausa na wancan lokaci: gangar na'ura, da muryar da kwamfuta ta tace har tana rawa kamar ta mawaƙan nanaye. Ba a kai faifan kanti ba, ba kamfanin da ya tallata shi. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, ta bulutut da memori, a hannun direbobi da fatake da 'yan ci-rani, har ya ratsa Nijar ya shiga Mali. Hanyar da ya bi ke nan, irin wadda memorin yayan ƙanenmu ta biyo daga Maraɗi zuwa Taba.

A can arewacin Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, wanda ke tattara waƙoƙin da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin. Ya sa ta a wani kundi da kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai ita har ya same shi. Daga nan aka yi faifan Afelan a 2013, aka kuma yi wani fim da harshen Tamashek a Agadas, wanda ya fito a 2015, Mdou ne jaruminsa.

Faifan da ya tayar da ƙura

Duk waɗancan ayyuka sunan Mdou ne shi kaɗai a gaba. A watan Maris na 2019 ne ya fitar da faifansa na farko da cikakkiyar ƙungiya a ɗakin ɗaukar sauti: jita biyu, da jitar bas mai kaurin murya, da ganguna. Sunan faifan Ilana, ma'anarsa Mahalicci. An ɗauke shi a birnin Detroit na Amurka, yana da waƙoƙi tara. Ahmoudou Madassane ne ke riƙe da jita ta biyu, Mikey Coltun, Ba'amurke, yana kan bas. Daga bayanin da ƙanenmu ya yi, mun gane cewa waƙar da aka yi wa dariya a rumfar caji ita ce Tarhatazed, wadda ta haura minti bakwai, kuma kusan rabinta jita ce kaɗai ke kururuwa a kan ganguna.

Masu sharhin kiɗa a Amurka da Turai sun yi wa faifan ruwan yabo. Wani mai gabatar da shiri a gidan rediyon NPR ya sa shi cikin mafi zafin kiɗan rok da aka yi a wannan ƙarni. Wasu suka riƙa kwatanta Mdou da Jimi Hendrix da Eddie Van Halen, manyan gwanayen jita na Amurka. Wannan yabo ne ya buɗe masa ƙofar kamfanin Matador na New York, inda ya fitar da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Ku lura da lissafin nan: daga 2008 zuwa 2019 shekara 11 ke nan. Duk tsawon wannan lokaci mutumin yana kaɗa jitarsa a gidajen biki a Agadas da ƙauyukan Tawa, ƙura na tashi, mutane na rawa. Waɗancan mutane ba su jira wata jarida ba kafin su san abin da kunnensu ya ji. Jaridun ne suka makara.

Daga ina ƙarar take fitowa?

'Yan ajin kimiyya, ku matso kusa, wannan darasinku ne. Jitar lantarki idan ba a haɗa ta da komai ba, da ƙyar na kusa da kai zai ji ta. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta shida na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka nannaɗe da siririyar wayar tagulla, zagaye dubbai. Idan aka taɓa tsirkiya ta girgiza, sai ta motsa ƙarfin maganaɗisun, wannan motsi kuma ya haifar da 'yar ƙaramar wutar lantarki a cikin wayar. Wannan ita ce ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, wadda malamin Fiziks ke rubuta muku a allo, kuma da ita janareta ke ba da wuta. Ashe abokin da ya ce janareta ne bai yi nisa da gaskiya ba, ko da yake ba haka ya nufa ba.

'Yar wutar nan sai ta bi waya ta shiga amfilifaya, a ƙara mata ƙarfi, lasifika ta mai da ita sauti. Idan aka tura wa amfilifaya abin da ya fi ƙarfinta, sai ta kasa fitar da sautin sumul, ta riƙa datse kansa, muryar ta dushe ta yi ƙaiƙayi. Kun san yadda lasifikar mai tallan magani ke yi a kasuwar Makarfi idan ya ƙure ta. A wurin mai tallan magani matsala ce. Makaɗan rok kuwa da gangan suke neman wannan dushewa, suna auna ta kamar yadda mai girki ke auna barkono. Ita ce ke sa sauti ɗaya ya daɗe yana kuka ba tare da ya mutu ba, har makaɗi ya samu damar lanƙwasa shi sama da ƙasa, kamar yadda mai kalangu ke matse tsarkiya a hammata ya sauya muryar gangarsa.

Kuma kada wani ya ce mana ƙara baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita da masu kakaki a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan Sallah ya san abin da ake kira cika kunne. Gangar noma ranar gayya daga wata gona ake jiyo ta a wata. Kukumar marigayi Hassan Wayam, wanda ya yi zamansa a Zariya, idan ta hau sama har tsigar jiki take tayarwa. Duk waɗannan suna da ƙara, ba kuma wanda ya taɓa kiransu injin niƙa, saboda kunnenmu ya saba da su tun muna goye.

Awo uku na raba kiɗa da hayaniya

To ta yaya ɗalibi zai gane ko abin da yake ji gwaninta ce ko shirme? Mu dai awo uku muke amfani da su, kuma mun gwada su a kan Ilana.

Na farko, a nemi ƙashin bayan kiɗan. Ku sake sa waƙar, ku manta da jitar da ke ihu, ku bi ganga da jita ta biyu kawai. Za ku ji wani zagaye da ke komawa inda ya faro, yana rangaji kamar tafiyar raƙumi. Ku gwada tafi a kai. Idan tafinku ya zauna daram daga farko har ƙarshe, akwai tsari. A Ilana tafi yana zama. Har akwai waƙa guda da aka sa wa suna Takamba, sunan wani tsohon kiɗan rawa na Abzinawa da Sonrai. Abin da ke faruwa kuma shi ne, gangar tana ƙara sauri a hankali, ba ka ankara ba sai ka ji ƙafarka ta ninka bugun da ta fara da shi. Injin niƙa ba ya yin haka.

Na biyu, a duba ko makaɗin ne ke tuƙa ƙarar, ko ita ke jansa. Gwani yana iya tashi daga raɗa ya kai ihu, ya kuma dawo raɗa a daidai inda ya so. A faifan akwai waƙoƙi masu sanyi irin su Anna da Tumastin, inda jitar ke tafiya a hankali, kowane sauti a fili. Mutumin da ya iya wannan, idan ya yi ƙara, zaɓa ya yi. Wanda bai iya ba shi ne ke ɓuya a bayan ƙara daga farko har ƙarshe don kada a ji kurensa.

Na uku, a tambaya: me ya sa yake ɗaga murya? Mdou yana waƙa ne da Tamashek, kan soyayya, da kewar gida, da wahalar matan karkara, da kuma yadda ake kwashe arzikin ƙasarsa. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, a arewacin Nijar, shekaru da dama a hannun kamfanin Faransa, ana kai shi can ana samar da wutar lantarki. Amma a Nijar ɗin kanta kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a gidansa, kuma an daɗe galibin wutar da ƙasar ke amfani da ita daga Najeriya ake sayo ta. Ku yi tunanin mai jitar lantarki da ya fito daga ƙasar da ke haskaka biranen wasu, shi kuwa sai an tayar da janareta kafin ya yi wasa a gidan biki. Idan jitar irin wannan mutum ta yi kururuwa, akwai dalili.

Da waɗannan awo uku, amsarmu ga ƙanenmu ita ce: e, kiɗan yana da kyau, kuma yana da kyau tun kafin wani Bature ya ji shi. Yabon gwani ya zama dole.

Sai dai ba za mu ɓoye abin da bai gamsar da mu ba. A wasu wurare jitar tana daɗewa tana zagaye a wuri ɗaya, har mai sauraro a zaune ya fara gajiya. A filin biki, inda ake rawa, tsawon nan daidai ne. A cikin waya kuwa yana iya yin yawa. Haka nan muryar mawaƙin wani lokaci tana nutsewa a ƙarƙashin kayan kiɗa, ko mai jin Tamashek sai ya kasa kunne sosai. Wanda ya ce shi kiɗan bai kwanta masa ba bayan ya saurara da kyau, yana da haƙƙinsa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Akwai kuma wani yabo da muke ganin ya zo da ƙwange. Laƙabin da wasu jaridu suka liƙa masa, wai Hendrix na Sahara, yana da daɗin ji, amma yana nuna kamar daga Amurka ya kwafo abin da yake yi. Shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa bai taso da sanin kiɗan rok ba, sai daga baya aka nuna masa waɗancan gwanaye. Malamansa su ne su Oumbadougou, da kiɗan takamba, da gidajen biki, da ɗakin ɗaukar sauti na Sakkwato. Mai sharhi yakan auna sabon abu da abin da ya riga ya sani. Mu da muke maƙwabta mun fi shi sanin inda kiɗan ya fito, in dai mun yarda mu saurara. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, bayan mai ita kuwa sai maƙwabcinsa.

Su ma masu sharhi sukan yi tuntuɓe

Don kada ku ɗauka duk abin da babbar jarida ta faɗa yankan wuƙa ne, ga labari biyu daga Ingila.

A watan Janairun 1969 wata sabuwar ƙungiya mai suna Led Zeppelin ta fitar da faifanta na farko. Mujallar Rolling Stone ta Amurka, wadda ake ji da ita a harkar, ta kushe shi. Ranar 13 ga Fabrairun 1970 wasu samari huɗu daga unguwar ma'aikata a birnin Birmingham, masu suna Black Sabbath, suka fitar da nasu, wanda suka ɗauka cikin yini guda. Mai jitarsu, Tony Iommi, shi ma bahago ne, kuma inji ya taɓa datse masa kan yatsu biyu a masana'antar da yake aiki, sai da ya ƙera wa yatsun hula kafin ya ci gaba da kiɗa. Shi ma wannan faifai mujallar ta yi masa kaca-kaca. Matasa ba su kula ba, suka yi ta saye. Da aka shekara talatin da 'yan kai, a 2003, mujallar nan dai ta fitar da jerin faifai 500 da ta ce sun fi kowanne a tarihi, sai ga su duka biyun a ciki.

Faifan bai sauya ba, ko sauti ɗaya ba a ƙara masa ba. Kunnen masu sharhi ne ya iso daga baya. Wanda ya jefar da faifansa a 1970 don jarida ta kushe, da wanda ya nemi a tura masa waƙar Mdou don jarida ta yaba, ciwonsu ɗaya: sun ba da aron kunnensu.

Mu ma a Najeriya muna da namu tarihin. A farkon shekarun 1970 wasu ɗaliban sakandare kamarku, a kwalejin St. Gregory da ke Obalende a Legas, suka kafa ƙungiyar rok mai suna Ofege. Suna makaranta suka ɗauki faifansu na farko, Try and Love, wanda kamfanin EMI ya fitar a 1973, ya kuma karɓu ƙwarai a ƙasar nan. Bayan wasu shekaru aka manta da shi, har sai da kamfanonin ƙasashen waje suka sake buga shi, sannan 'yan Najeriya da yawa na wannan zamani suka fara tambayar su wane ne. Abin namu ne, amma sai da ya je ya dawo da hatimin waje muka waiwaye shi.

Mu koma rumfar caji

Ƙanenmu na Taba, ba ka yi laifi ba da ka ji abu ya burge ka. Kuskurenka ɗaya, ka zare memorinka da wuri. Da ka ce musu, "Ku dakata, ku bi gangar nan da tafi," da wataƙila an yi gardama mai amfani. Abokanka ma ba mu ga laifinsu a dariyar farko ba, domin kunne yakan yi ƙyuya ga abin da bai saba ba. Inda muka damu shi ne juyawar da suka yi ba tare da sun sake saurara ba. Da sun ce, "Mun ji an yaba, kawo mu ƙara ji ko mun yi gaggawa," da mun jinjina musu. Amfanin sharhi ke nan: ya mai da kai ga abin, ka sake dubawa da kanka.

Abin ya wuce maganar jita. Ɗalibin da ya saba jiran a gaya masa abin da zai so, gobe haka zai yi da littafi, da labarin da aka turo masa a WhatsApp, da ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arsa. Wanda kuwa ya koyi cewa "na so, ga dalilina" ko "ban so ba, ga dalilina," ya samu abin da zai yi masa amfani a takardar insha'i ta WAEC da NECO, ya kuma yi masa amfani bayan ya bar makaranta.

Akwai kuma wata asara da ba a cika lura da ita ba. A Taba da Hunƙuyi da Likoro, a Makarfi da Ikara, akwai masu kalangu, da masu gangar noma, da mata masu shantu da kiɗan ƙwarya, da samari masu haɗa waƙa a ƙaramin ɗaki da kwamfuta ɗaya, kamar yadda Mdou ya yi a Sakkwato a 2008. Wa ya taɓa zama ya rubuta abin da suka iya da inda suka gaza? Idan ba ku rubuta ba, sai dai a jira wani ya taso daga wata nahiya ya zo ya gaya mana cewa muna da gwani a bayan gida. Wasu gwanayen har su mutu baƙon bai zo ba.

Aikin wannan mako

Kowane ɗalibi ya zaɓi makaɗi ko mawaƙi ɗaya na garinsu ko unguwarsu, wanda ya taɓa ji da kunnensa. Ya rubuta sharhin da bai wuce kalma 200 ba, da Hausa. A faɗi abin da ake kaɗawa da wurin da aka ji shi. A gwada awo ukun nan: tsari, da iko a kan sauti, da dalilin waƙar. A kawo abu ɗaya da ya burge, da abu ɗaya da ya kamata a gyara, kowanne da hujjarsa. Ba ma son "ya iya sosai" kawai, a gaya mana me ya iya. Zagi da cin mutunci kuma ba su da wuri a wannan fili. A miƙa wa malamin Hausa ko shugaban kulob ɗin 'yan jarida na makaranta ya aiko mana. Guda uku da suka fi za su fito a wannan shafi, in Allah Ya yarda.

Sai gargaɗi biyu kafin mu rufe. Na ɗaya, kunnen da za a yi alƙalanci da shi sai an kiyaye shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Idan abin sauraro yana kunnenka, na kusa da kai ya yi magana ba ka ji ba, ka rage. Idan ka cire ka ji kunnenka yana ƙugi, ka wuce iyaka. A biki kuma kada a tsaya a bakin lasifika. Na biyu, komai da lokacinsa. Ba a sa kiɗa lokacin karatu, ko lokacin salla, ko inda zai dami iyaye da maƙwabta. Gidan da aka ce ba a so, a bi maganar manya.

Ƙanenmu na Taba, mun gode da wasiƙarka. Ka koma rumfar nan da memorinka, ka ce a bi ganga da tafi, sannan ka rubuto mana yadda aka kwashe. A gaishe mana da yaya mai zuwa Maraɗi.